Mai Labule da Injin Lauya

A duk layin kanikawan nan babu wanda zai ce maka ya taɓa ganin yadda Mai Labule yake haɗa inji. An ga yana kwancewa, an ga yana wanke ƙarafa a cikin rabin duro, an ji yana zagin noti idan ya ƙi fita. Amma ranar haɗawa sai ya shige ɗan ɗakin da ke ƙuryar garejinsa, ya ja wani tsohon tamfol da ya rataya a bakin ƙofar, shi ke nan kuma. Ko mai motar ne ya zo, sai dai ya nemi benci ya zauna. Daga nan sunan ya bi shi har ya danne nasa na gaskiya, matarsa ma in tana jin tsokana haka take kiransa.

In ka tambaye shi dalili zai ce maka ƙura ce, inji ba ya son ƙura. Gaskiyar maganar ta fi haka tsufa. Tun yana saurayi a hannun ubangidansa, wani baƙo ya yi sallama ana tsakiyar ɗaure kusoshin ƙasan inji. Maigidan ya ɗago ya amsa, aka gaisa, aka tambayi iyali, da ya koma kan aiki ya tsallake kusa ɗaya bai sani ba. Kwana tara motar ta yi a hanya injin ya buga. Tun ranar ya yi wa kansa alkawari ba zai haɗa inji da bakin mutum kusa da kunnensa ba. Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Sai dai shekara arba'in da ɗaya tana da yawa, kuma abin da ya fara da tsoron kuskure a hankali ya rikiɗe ya zama yarda cewa kuskure ba ya ƙetare wannan tamfol ɗin. Duk abin da ya lalace, a waje ya lalace.

Da manyan motocin kaya ya fara, ya dawo kan tasi, daga baya da masu jini a jika suka fara ƙara wa ƙananan motoci ƙarfi don tsere, sai ya zamana ƙofarsa suke nema. Masu neman lahira da gaggawa yake ce musu, a gabansu kuwa, su yi ta dariya. Amma yana son aikin, don shi ne aikin da hannu ke nuna kansa.

Irin wannan injin ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kafin a haɗa sai an kai gangar injin wurin mai injin yankan ƙarfe, ya faɗaɗa ramukan silinda, ya goge cikinsu, ya bar musu 'yan siraran zane masu gilma juna da za su riƙe mai daidai gwargwado. Shekara talatin mutum ɗaya ke yi masa wannan: ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Shiru. A gidan Mai Labule Shiru ya ƙarasa girma bayan rasuwar iyayensu, shi ne ma ya kai shi koyon sana'ar, ya ce wa maigidan, "Ga shi nan, ba ya magana, amma ba ya ƙarya." Yanzu Shiru ya haura hamsin, furfura ta ci rabin gemunsa, yana da shagonsa a ƙarshen layi bayan masu fenti, amma har gobe Yaya yake ce masa, kuma in ya shigo sai ya miƙe tsaye.

Duk ranar hutu Shiru yana zuwa gidan yayarsa cin abincin rana. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ita da shi, shi ya sa take ware masa kwanonsa tun kafin ta zuba na maigidan. Mai Labule kuma ba ya barin sa ya ci cikin salama.

"Kai, ka dinga hutawa mana, surutun nan naka zai sa ka ƙware."

Shiru ya yi murmushi ya ci gaba da ci. Sai an kwashe kwanuka an manta da zancen ya ɗago ya ce, "Ai kana yi mana mu biyu, Yaya." Yayar tasa ta yi ta dariya har ta riƙe ciki.

Abin da layin bai sani ba shi ne, shekara biyu ke nan idon Mai Labule yana ja da baya. Lambobin jikin sifana ne suka fara gudu, bai damu ba, ai hannunsa ya san nauyin kowacce. Sai saƙon waya, wanda yake miƙa wa duk wanda ke kusa ya ce hannunsa da maiƙo. Daga baya fuskokin mutane suka koma kamar ana kallonsu ta gilashin mota mai datti. Da murya yake gane mai zuwa. Matarsa ta tabbatar ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya kuma ci gaba da tsiyayawa.

"Malam, idon nan fa sai an je asibiti."

"Wane ido? Kofin ne ƙarami."

"Jiya ƙwan fitila ne ba shi da haske. Shekaranjiya kuma zanen da na shanya ka yi wa sannu da aiki."

"Ke dai ba kya rabo da sharri. In layin nan suka ji idon Mai Labule ya tafi, wa zai sake kawo min inji? Ki bar maganar nan a ɗakin nan."

Ta bar ta, don ta san halin kayanta.

Ana cikin haka Lauya ya kawo motarsa. Mutum ne mai fara'a da yawan magana, duk mako yana cikin baƙar kwat yana jayayya a kotu, ranar hutu ya tuɓe ya tafi filin tsere da wata 'yar jar mota mai ƙofa biyu da yake ji da ita fiye da kima. So yake a ƙara mata ƙarfi: manyan fistin, tobo mai hura wa inji iska, da wasu ringi da ya yi oda daga waje, suka iso cikin ɗan akwati kowanne a naɗe da takardarsa. Shiru ya yi kwana uku a kan gangar, ya turo ta da kansa a baro, a lulluɓe da tsumma mai tsabta. Mai Labule ya karɓa, ya ja tamfol.

Kowane fistin ringi uku yake ɗauka, siraran zobban ƙarfe da ke zagaye shi. Na sama yana tare wuta, na ƙasa yana share mai, na tsakiya kuwa yana kankare abin da ya rage ya mayar da shi ƙasa. Ringi yana da sama da ƙasa, ba a sa shi yadda aka ga dama. Irin waɗanda ya saba da su ana ɗan huda musu ɗigo a fuskar sama, yana jin sa da farce ko ido a rufe. Waɗannan ya shafa, ya sake shafawa, sumul. Akwai wata takarda mai ƙananan rubutu a cikin akwatin, ita ya shimfiɗa ya jera kusoshi a kai. Da ya ji ɗan gangare a gefen ciki na ringin tsakiya sai ransa ya yi fari. Gangare ai sama yake kallo, haka ya sani tun kafin a haifi masu ƙera su. Ya saka duka huɗun haka.

Murɗa makulli ɗaya injin ya tashi, da ƙarar da ta fito da masu fenti daga shagonsu da burushi a hannu. Lauya ya rungume shi da maiƙon jikinsa da komai.

Sati uku jar motar ta dawo.

"Baba, motar nan tana shan baƙin mai kamar ana biyanta," in ji Lauya, yana nuna masa gejin mai. "Lita guda a kilomita ɗari uku. In na ɗaga ƙafa daga totur na sake takawa, na bayana sai ya kunna fitila saboda hayaƙi. Shuɗi ne kuwa."

"Sabon inji ne, bai zauna ba. Ka ƙara mata tafiya."

Ya ƙara mata tafiyar sati biyu, ba ta rage ko cokali ba.

Mai Labule ya bi abin daki-daki yadda aka koya masa, daga waje zuwa ciki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar, ta kwana a kai, kwali ya wayi gari a bushe, ke nan ba zuba take yi ba, ƙonawa take. Ya canja tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa. Ya ce man ne ya yi ruwa-ruwa, ya yi wa mai sayar da shi tas, aka yi juye da mai kauri. Ya kwance bututun tobo ya zura yatsa, ya ji shi kusan a bushe, duk da haka ya cire tobon ya aika aka sake masa robobi. Ya ɗage kan injin ya canja robobin bawul goma sha shida, ɗaya bayan ɗaya, har bayansa ya riƙe. Bayan kowane aiki Lauya ya tafi da fata, ya dawo da galan a but. Filogi huɗun nan kuwa duk ranar da aka zare su baƙi ƙirin suke fitowa, a jiƙe.

Daga ƙarshe ya ɗaura agogon awon matsi a ramukan ɗaya bayan ɗaya, Lauya yana karanta masa lambobin, don hannunsa da maiƙo. Duka huɗun daidai, ba wanda ya gaza. Ya ce matsi lafiya, to ringi lafiya, ya rufe wannan babin da sauri. Yanzu masu laifi sun ƙare. Mai sayar da mai ya fita, mai tobo ya fita, direba ya fita. Saura mutum biyu a duniya: wanda ya goge ramin da wanda ya haɗa. A nan ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa, amma bai saba ba.

Akwai wata rumfar kwano a tsakiyar layin inda ake haɗuwa shan shayi da hantsi. Nan ake raba labari, nan ake ɗaga mutum, nan ake sauke shi. Wata rana Mai Walda, wanda bakinsa ya fi wutar aikinsa zafi, ya hango jar motar a ƙofar gareji karo na shida, ya ce, "Baba, wannan ta zama 'yar gida ke nan? Mu sa mata gado?"

Aka fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma shekara arba'in ba a taɓa yi wa aikinsa dariya ba, sai ya ji ta har cikin ƙashinsa. Ya san Shiru na zaune a ƙarshen benci, don ya ji lokacin da mai shayi ya gaishe shi.

"Ku tambayi mai ramin," ya ce. "Ni abin da aka kawo min na haɗa. In an goge silinda ya yi santsi kamar faranti, ko mala'ika ne ya haɗa sai ya sha mai."



"Na auna, Yaya," in ji Shiru a hankali. "Sau biyu na auna."

"Ka auna! Shekara talatin ina rufa maka asiri, yau dai ta ƙi rufuwa."

Wannan ta ƙarshen ƙarya ce tsagwaronta, kuma ya san ƙarya ce tun tana kan harshensa. Ko sau ɗaya aikin Shiru bai taɓa dawo masa ba. Shiru ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya yi wa mai shayi godiya, ya tafi.

A layi irin wannan maganar Mai Labule nauyi gare ta. Ba wanda ya je ya ce wa Shiru komai, kawai dai gangar inji ta fara bin wata hanya, ana ɗora ta a mota a kai can wani gefen gari. Ƙarar injinsa da ake ji tun safe har yamma ta koma sai jefi-jefi. Ranar hutu ta zo bai zo cin abinci ba. Yayarsa ta ware kwanonsa ta rufe, ya huce, ta ba maƙwabta. Sati na biyu haka. A na uku ta tsare mijin.

"Me ya haɗa ka da ɗan'uwana?"

"Maganar aiki ce."

"Maganar aiki ce ta hana shi cin abinci a gidan da ya girma?"

Sai ta sa takalmi ta tafi wurin Shiru da kanta. Ta dawo fuska ba walwala, ta wuce kicin. Sai da ya bi ta ya tsaya a ƙofa sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Bai ce komai ba. Ya ce a gaishe ka."

Da zagi ta kawo masa da ya fi masa sauƙi. Yana kewar Shiru, wannan bai yi wa kansa musu a kai ba. Abinci ya daina yi masa daɗi, ranar hutu ta yi masa tsawo, ba wanda zai tsokana. Sai ya dinga lallashin zuciyarsa cewa da ya sauke injin ya nuna wa kowa santsin ramin, magana ta ƙare. Har ya shirya yadda zai yafe masa.

Ya sauke injin ranar wata Talata, ya zare fistin ɗin, ya zura yatsa cikin rami na farko. Zanen nan suna nan, sirara, suna gilma juna, irin na hannun Shiru da ya sani kamar tafin hannunsa. Na biyu haka, na uku haka. Duk da haka ya ce yatsa ba ma'auni ba ne. Ya cire ringin ya jera su a kan farin tsumma, kowanne yadda ya fito, fuskar da ke sama a sama, don haka yake yi tun farkon koyonsa.

Da rana tsaka Lauya ya shigo, kwat a kafaɗa, yana cewa zai ɗauki hoton kayan ya aika wa waɗanda suka sayar masa, su ma su ji irin nasu. Ya durƙusa ya ɗauka, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Ikon Allah. Baba, dubi aikin mutanen nan, har rubutu suka yi a jikin abu kamar gashi. Na saman duk da rubutu. Na tsakiyan kuma babu." Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya sake ɗaukar hoto. "Au, ga shi a bayansa."

"Me aka rubuta?"

"Kalma ɗaya ce da yarensu, wai 'sama'. Ga ɗan ɗigo a gefe. Wajen ajiyewa ka kife shi ne?"

Mai Labule ya karɓi wayar ya kai ta dab da hancinsa. Ga haruffan nan manya, kowanne kamar babban yatsa, a fuskar da babu gangare. Wato wannan irin, gangarensa ƙasa yake kallo. Ringin tsakiya in an kife shi ba ya taɓa matsi, shi ya sa agogo ya nuna lafiya. Abin da yake yi kawai, maimakon ya kankare mai ya mayar ƙasa, sai ya dinga kwasarsa yana miƙa wa wuta, sau dubbai a minti ɗaya. Wata uku ke nan yana farautar ɓarawo a gari, ashe da hannunsa ya zaunar da shi a ɗaki.

"E," ya ce. "Wajen ajiyewa ne. Ka sa a kawo min wasu sababbi irinsu."

Da Lauya ya tafi ya shiga ƙurya ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Bai yi kuka ba, ba irinsu ba ne. Nan dai ya zauna har masu fenti suka rufe.

Sababbin ringi suka iso, ya haɗa, gangare ƙasa. Bai kai gangar ko'ina ba, amma layin ya ɗauka ya kai, shi kuma bai gyara musu zato ba. Lauya ya yi sati yana gurzar motar, geji bai motsa ba. Sai a lokacin, da babu sauran wurin ɓuya, Mai Labule ya jefa tsohon ringin tsakiya ɗaya a aljihu ya nufi ƙarshen layi.

Shagon tsaf, ya ma yi tsabta fiye da yadda shagon aiki ya kamata ya yi. An lulluɓe babban injin da zane. Shiru yana zaune yana shafa wa ma'aunansa mai, da ya gan shi ya miƙe.

"Sannu da zuwa, Yaya."

Mai Labule ya tura ƙofar ya rufe, ya ciro ringin ya miƙa masa.

"Ni ne. Na tsakiya na kife, duka huɗun. Ban ga alamar ba. Idona ya tafi, Shiru. Shekara biyu ke nan."

Ran nan ya fara faɗin wannan da bakinsa. Shiru ya daɗe yana juya ringin a hannu.

"Idon na sani. Tun bara in za mu gaisa ni nake nemo hannunka."

"Ka sani? Me ya hana ka faɗa?"

"Ba ka so a sani ba. Amma da ka leƙo ranar ka kira ni, da na karanta maka. Minti ɗaya ne, Yaya. Ba wanda zai ji."

Mai Labule ya rasa inda zai sa idonsa. "Ka yafe min."

"Na yafe tun a wurin. Kai ka rene ni, me zan riƙe?" Shiru ya ajiye ringin a kan tebur, ya tura masa shi da yatsa ɗaya. "Sai dai ba a nan ka faɗa ba. A rumfa ka faɗa, mutum goma sha ɗaya suna ji, na ƙirga su. Yanzu kuma ka rufe ƙofa. Ni ban iya magana ba, ba ni da abin da zan kare kaina da shi sai aikina. Ka ce musu shekara talatin kana rufa min asiri. Kai kaɗai za ka iya cire wannan."

A shekara talatin bai taɓa jin Shiru ya jera magana mai tsawon haka ba.

"Gobe da hantsi," ya ce. "A rumfar. Da bakina."

"To," in ji Shiru.

Da gaske yake, wannan zan yi masa shaida. Ya tashi da safe da kalmomin a shirye, ya maimaita su a hanya, ringin yana aljihunsa. Rumfar a cike take. Bai gama zama ba sai ga jar motar ta shigo layin da ruri, ta tsaya, Lauya ya leƙo yana dukan ƙofa da tafin hannu.

"Ko ɗigo ba ta sha ba! Sati guda, jama'a, ko ɗigo! Ku riƙe tsohon nan da kyau, babu irinsa!"

Ya taka totur ya wuce, salansa tas, babu hayaƙi. Rumfar ta ɗauki sowa. Wani ya matsa masa a benci, wani ya miƙo shayi, wani ya raɗa masa cewa ga wasu mutum biyu can a ƙofar gareji da inji suna jiran sa tun safe.

"To Baba," in ji Mai Walda, "yanzu faɗa mana tsakani da Allah. Ashe dai ramin ne?"

Hannunsa na cikin aljihu, ringin yana tsakanin yatsunsa. Ya ɗaga kai ya bi rumfar da kallo, daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake dawowa. Inuwoyi ne kawai, wasu zaune wasu tsaye. Ya kasa kunne, bai ji wanda ya gaida Shiru ba. Bai zo ba ke nan. Wani sauƙi mara kunya ya sauka a ƙirjinsa. Ya tuna cewa faɗin maganar ringi faɗin maganar ido ne, ba a raba su. Ya tuna mutum biyun da ke ƙofar gareji. Shekararsa sittin da uku, bai iya komai a duniya ba sai wannan. Ya ce wa kansa yau mutane sun yi yawa, gobe ma rana ce.

"An dai gyara," ya ce. "Abin da ya wuce a bar shi."

"Kun ji dattako!" in ji Mai Walda, yana juyawa ga jama'a. "Suruki ya kwafsa masa, amma ko a yau ba zai tona shi ba."

Aka yi ta gyaɗa kai ana yaba masa. Ya shanye shayin duka, bai ji ɗanɗanonsa ba.

Da azahar ya koma gida. Tun daga ƙofa ya ji ƙamshin girki irin na ranar hutu, alhali ba ranar hutu ba ce. Matarsa tana zaune a kan kujerar tsakar gida, hannuwa a cinya, tukunya a sauke a gefenta. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba.

"Ɗan'uwana ya biyo ta nan da sassafe," ta ce. "Da wankakkiyar riga. Ya ce min, Yaya zai yi magana yau, ki sa hannu da ni a abincin rana. Rabon da in ga haƙoransa wata biyu."

Mai Labule ya tsaya inda yake.

"Ɗazu ya sake biyowa. A ƙofa ya tsaya, bai shigo ba."

"Ai bai zo rumfar ba. Na duba. Shi ya sa na ce in bari sai yana nan..."

"Yana nan, Malam. Yana tsaye jikin ginshiƙi, taku biyar tsakaninku. Ya ce sau biyu ka dube shi."

"Ban gan shi ba. Wallahi ban gan shi ba."

"Ya san ba ka gan shi ba. Ya ce da gangan bai yi motsi ba. Da ka gan shi da ka faɗa, don kunyar idonsa. Shi kuma so yake ya ji abin da za ka faɗa in kana zaton ba ya nan." Ta ɗago ta dube shi. "Ya ce ya ji."

Ya buɗe baki zai ce gobe, kalmar ta ƙi fita. Ta tashi ta zuba masa nasa ta ajiye a gabansa, har da cokali, ta kama hannunsa ta ɗora a bakin kwanon don ya san inda yake. Sannan ta juye sauran a wani kwanon, ta ɗaure shi da tsumma, ta sa takalmi. Bai tambaye ta inda za ta ba.